Maki ɗaya da rabi: yadda Makerere ta cika aji da mata, da waɗanda lissafin ya tsallake

Duk ranar da wani ya kawo maganar a rage wa mata makin shiga jami'a, to ka gyara zama, hayaniya ce za ta tashi. Wani zai ce zalunci ne a kan yara maza, wani ya ce ai raini ne ma ga su matan, wai ana nufin ba za su iya ba sai an ɗaga su, wata kuma ta ce bashi ne dai ake biya ba alfarma ba. Abin da na lura da shi shi ne yawanci a iska ake wannan musun, kamar ba a taɓa gwada abin a ko'ina ba. Alhali kuwa akwai jami'ar da ta haura shekara talatin tana yinsa, a nan Afirka, kuma ba ƙaramar jami'a ba ce: Makerere ta birnin Kampala a Yuganda, wadda ta yaye tsoffin shugabannin ƙasa irin su Julius Nyerere da Benjamin Mkapa na Tanzaniya da Mwai Kibaki na Kenya. Tun 1990 duk yarinyar da ta gama babbar sakandare ta nemi gurbin digirin farko, ana ɗora mata maki 1.5 a kan abin da ta ci. Kyauta, saboda kawai ita mace ce.

Sai ka san daga inda makarantar ta taso kafin ka gane nauyin wannan mataki. A 1922 Turawan mulkin mallaka suka buɗe ta a matsayin makarantar koyon sana'a, ɗalibai 14, kafinta da gini da kanikanci, duk maza. Taken makarantar ma a lokacin cewa yake "mu zama maza", ba wani ɓoye-ɓoye. Sai a 1945 aka ɗauki mata na farko, su shida kacal, shi ya sa dole aka sauya taken ya koma "muna gini don gobe", wanda shi ne har yanzu a jikin tambarinta. To daga mata shida ɗin nan aka yi ta tafiyar hawainiya, aka sha mulkin Idi Amin daga 1971 zuwa 1979 wanda ya tarwatsa malamai da yawa, aka sha yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, har ƙarshen shekarun 1980 mata ba su wuce kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban ba. Shekara arba'in da biyar kenan fa ƙofa a buɗe a takarda, babu dokar da ta hana mace shiga, amma lissafi ya ƙi motsawa yadda ya kamata.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. A 1985 aka yi babban taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, matan Yuganda masu ilimi, da yawansu malaman Makerere ne, suka kafa ƙungiyar fafutukar haƙƙin mata mai suna ACFODE a wannan shekarar. A watan Janairun 1986 Yoweri Museveni ya karɓi mulki, gwamnatinsa tana neman goyon bayan mata, ta ware musu kujeru a majalisu tun daga ƙauye har ta ƙasa. A cikin wannan yanayi ne matsin lamba ya kai ga hukumomin jami'ar suka amince da ƙarin makin. Daga baya tsarin mulkin 1995 ya zo ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa gwamnati za ta ɗauki matakin fifita waɗanda tarihi ko al'ada suka danne, mata na ciki, sai abin ya samu gindin zama a doka, kuma aka faɗaɗa shi zuwa sauran jami'o'in gwamnati.

Yanzu ga yadda lissafin yake, don a nan mutane suke ruɗewa, suna jin "ƙarin maki" sai su ɗauka an ɗebo wadda ta faɗi an zuba a ajin likitanci. A Yuganda ba su da jarrabawa irin JAMB ɗinmu, da sakamakon shekara biyun ƙarshe na sakandare ake shiga. Darajar A tana da maki 6, B maki 5, C maki 4, haka har ƙasa. Sannan kowane kwas yana da darussan da ya ɗauka a matsayin ginshiƙai, waɗannan ana ninka makinsu sau uku, na kusa da su sau biyu, sauran sau ɗaya, a ɗan tsinto wasu 'yan ɓurɓushin maki daga sakamakon ƙaramar sakandare a haɗa. Misali mai neman likitanci, bayoloji da kemistiri su ne ginshiƙansa. Idan ya ci A a kemistiri ya samu 18, idan B ce ya samu 15. Ka ga tazarar da ke tsakanin A da B a darasi ɗaya maki uku ne. To 1.5 rabin wannan tazarar ce. Rabin mataki ɗaya, a darasi ɗaya. Ba zai mayar da mai C ta zama mai A ba, kuma dole sai yarinya ta cika sharuɗɗan shiga jami'a da kanta tukuna kafin a yi maganar ƙari.

Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gwamnatin Yuganda tana ɗaukar nauyin ɗalibai kusan 4,000 ne a shekara a duk jami'o'inta, kuɗin makaranta da na zama, kuma a bakin layin nan na yankewa ɗalibai cunkushe suke, ɗigo biyu ko uku ne ke raba wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin karatun lauya da wanda zai koma gida ya nemi mai sayen gona. A irin wannan wajen 1.5 ba wasa ba ne. Ita dabarar a nan take: ba ta taɓa na can sama, ba ta ceto na can ƙasa, tana aiki ne a kan waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa daidai.

Ya yi aiki? In adadi ake tambaya, ƙwarai. Daga ɗaya cikin huɗu, mata suka yi ta hawa har suka doshi rabi a shekarun 2000, kuma a bukukuwan yaye ɗalibai na 'yan shekarun nan mata sun fi maza yawa, sun ɗan haura rabi. Makarantar da takenta yake "mu zama maza" yau rigunan yaye ɗalibanta mata suka fi sawa. Sai dai gaskiya ba zan yarda a jingina wa 1.5 wannan nasarar duka ba, masu yin hakan suna cin amanar lissafi. A 1992 Makerere ta fara ɗaukar ɗalibai masu biya wa kansu, aka buɗe azuzuwan yamma, yawan ɗalibai ya ninka ya sake ninkawa, kuma da yawan matan da suka shigo ta wannan ƙofar suka bi, iyaye ko mazaje ko albashinsu ya biya. A 1997 aka mayar da firamare kyauta, a 2007 aka bi da sakandare, wato kogin da ke kawo 'yan mata bakin jami'a shi kansa ya ƙara ruwa. Abubuwa uku ne ko huɗu suka haɗu a lokaci guda, kowa ya ja nasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar wace mace ce ta amfana. Tun farko masu nazari a cikin jami'ar kanta suka fara nuna cewa yaran da suke cin moriyar ƙarin nan yawancinsu daga manyan makarantun kwana na mata suke, irin su Gayaza wadda mishan suka kafa tun 1905, da Namagunga da Nabisunsa, makarantun da ke kewayen Kampala, masu ɗakin gwaje-gwaje da malamai na gani na faɗa da kuɗin makaranta mai tsada. 'Yar babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wadda tun tana firamare ake mata lesin. Ita ce ke zuwa dab da layin, ita 1.5 ke tsallakar da ita. Kuma wa ta ture? Sau da yawa ba ɗan minista ba ne, shi yana can sama ko yana Ingila, yaron ƙauye ne da ya yi karatu da fitilar ƙwai ya zo bakin layin da ƙyar. Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma duk mai goyon bayan tsarin da ya ƙi kallonsa yana yaudarar kansa ne.

Ita kuwa yarinyar Karamoja a arewa maso gabas, inda makiyaya suke, ko ta yankin Gulu da Kitgum da Lira inda 'yan tawayen Joseph Kony suka yi kusan shekara ashirin suna ɓarna, ba ta ma iso wurin da ake rabon ba. A watan Oktoban 1996 'yan tawayen suka shiga makarantar kwana ta mata a Aboke suka kwashi yara 139 cikin dare. Mu da muka ga Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021 ba sai an yi mana bayanin abin da irin wannan ke yi wa zuciyar uba ba, shekara nawa za a yi kafin ya sake yarda 'yarsa ta kwana a makaranta. Yarinyar da aka cire a aji uku, ko aka aurar, ko ta yi ciki aka kore ta, ko maki goma ka ce za ka ƙara mata ba ta da sakamakon da za a ɗora shi a kai.

Gwamnatin ta gane haka, ko da yake ta makara. A 2005 aka sauya rabon guraben da take biya: kashi 75 cikin ɗari a bar wa cancanta zalla, sauran kashi 25 a raba, mafi yawa ga gundumomi, kowace gunduma a ba ta nata kason don yaranta su yi gasa a tsakaninsu, da wani ɗan kaso na naƙasassu da na 'yan wasanni. Wato sai da aka haɗa maganar jinsi da maganar daga ina ka fito kafin abin ya fara taɓa na nesa.

Matsala ta biyu ita ce wane kwas. Mata sun cika jami'a, eh, amma ina suka cika? Sashen ilimi, zamantakewa, harsuna, aikin jarida, lauya. Ka leƙa injiniya ko fizis ko lissafi sai ka ga kamar ba a taɓa yin wata doka ba. Dalilin a fili yake, tun a sakandare aka raba hanya, makarantun mata da yawa ba su da kayan gwaji ko malamin fizis, wasu kuma an cusa musu cewa lissafi na maza ne, to wadda ba ta zauna jarrabawar fizis ba ta yaya ƙarin maki zai kai ta injiniya? A nan maƙwabtansu na Tanzaniya suka fi burge ni. Jami'ar Dar es Salaam a 1997 ta ɓullo da wani shiri na share fage: 'yan matan da suka yi kimiyya amma makinsu ya ɗan gaza, a kira su a yi musu karatu mai zafi na 'yan makonni, a yi musu jarrabawa, wadda ta ci ta shiga. Daga baya aka kai shirin sashen injiniya. Bambancin a nan shi ne ba maki aka ba ta ba, karatun da aka hana ta aka biya ta, kuma ranar da ta shiga aji babu mai yi mata gorin an ɗaga ta. Don gorin nan yana nan fa, a Makerere mace ta ci jarrabawarta da guminta, ta fi kowa a aji, amma wani sakarai ya kira ta 'yar ɗaya da rabi. Kenya kuwa hanyar Yuganda ta bi ta wata fuskar, tun farkon shekarun 1990 hukumar raba gurabensu ta sauke wa mata layin yankewa da maki ɗaya. Ita Makerere sai a 2019 majalisar gudanarwarta ta amince a ware wa mata kashi 40 cikin ɗari na guraben kwasa-kwasan kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi, wanda shi kansa amsa laifi ne cewa shekara 29 na ƙarin maki bai gyara wannan ɓangaren ba.

Ni a ganina abin da ya fi 1.5 muhimmanci a labarin Makerere shi ne abubuwan da ba sa shiga kanun labarai. A 1991 suka buɗe sashen nazarin mata da jinsi, ɗaya daga cikin na farko-farko a Afirka, kuma shi ya riƙa samar da mutanen da ke zama su ƙirga, mata nawa suka shiga, nawa suka fita, a wane sashe, wa aka yi wa ƙarin girma. A farkon shekarun 2000 aka kafa ofis na musamman a cikin hukumar jami'ar mai kula da wannan harka, da ma'aikata da kasafin kuɗi, ba kwamitin da ake kafawa a manta ba. A 2001 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka aka fara sikolashif na 'yan mata marasa galihu, aka fi ba masu kimiyya ƙarfi, wannan shi ne ya je ya nemo irin yarinyar da ƙarin maki ya tsallake, wadda ta ci amma babu mai biya. A 2006 aka rubuta dokar hana cin zarafi da neman lalata da ɗalibai.

Ita wannan ta ƙarshen tana da darasi nata daban. An rubuta doka a 2006, amma shekara goma sha biyu bayan nan, a 2018, sai da abin kunya ya yi ta fashewa a jaridu da soshiyal midiya har shugaban jami'ar Barnabas Nawangwe ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Sylvia Tamale, wadda ita ce mace ta farko da ta shugabanci tsangayar lauya a ƙasar, aka binciko, aka sake rubuta dokar. Me ya sa ta farkon ta kwanta? Abin da ke kashe irin waɗannan dokoki a ko'ina: wanda za ki kai wa ƙara abokin shan shayin wanda ya yi miki ne, makinki yana hannun wanda kike ƙara, babu mai ɓoye sunanki, kuma in kin yi rashin sa'a ke za ki maimaita shekara shi yana nan daram. Doka a takarda ba ta hana malami riƙe sakamako. Abin da ke hanawa shi ne a raba ikon, a ce ba mutum ɗaya ke gyara takarda ya shigar da maki ya kuma duba furojet ba tare da wani ido a kai ba, kuma ɗaliba tana da inda za ta kai kuka wanda ba ya ƙarƙashin sashenta.

Wannan ya kawo mu ga su waye ke zaune a ɗakin da ake yanke hukunci. Jami'a irin tamu da tasu, duk gadon Ingila ne, hukuma biyu ke juya ta: majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata, da sanet mai kula da karatu, wa za a ɗauka, wa za a kora, yaushe za a yi jarrabawa. Sanet kuwa farfesoshi ne da shugabannin tsangayu da na sassa suka cika ta. Kafin ka zama farfesa sai digiri na uku da tarin maƙalu da tafiye-tafiyen taro, kuma shekarun da ake wannan fafutukar su ne daidai shekarun haihuwa da raino. Sakamakon shi ne ko aji ya cika da mata, ɗakin sanet na maza ne. Makerere ta yi shekara ɗari a 2022, sai a 2004 ta samu mace mataimakiyar shugaba, Lillian Tibatemwa-Ekirikubinza, sai a ƙarshen 2018 mace ta fara shugabantar majalisar gudanarwarta, Lorna Magara. Ba ina cewa duk mace in ta hau kujera za ta tuna da mata ba ne, mun ga waɗanda ba su tuna ba. Amma akwai tambayoyin da ba sa faɗo wa ɗakin da babu wanda ya taɓa zama jarrabawa da cikin wata tara ko ya bar jariri a bakin zaure wajen mai saida fiya wata.

To mu dawo gida, don akwai alaƙa ta kai tsaye. Duk ɗan Arewa da ya tashi yana cewa ƙarin maki haramun ne saboda ya saɓa wa cancanta, ya kamata ya ɗan yi tsai da ransa, don mu ma a kan irin wannan tsarin muke shiga jami'o'in tarayya. Ƙa'idar rabon gurabe a Najeriya ita ce kashi 45 cancanta, kashi 35 yankin da jami'ar take, kashi 20 jihohin da aka yi wa laƙabi da masu ƙarancin ilimin boko, jihohi 23, kusan duk Arewa na ciki, da su Ebonyi da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba. Wato ƙasar ta daɗe da yarda cewa wanda tarihi ya bari a baya ana iya sassauta masa. Abin da babu a cikin rabon shi ne kason mata. Kuma ciwon da ya kama 1.5 shi ne ya kama namu: kujerar da aka ware wa Jigawa ko Zamfara ko Yobe, sau nawa ɗan manomin can ne ke hawanta, sau nawa kuma ɗan babban ma'aikacin da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, takardar shaidar ƙaramar hukuma kawai ta haɗa shi da jihar?

Shi ya sa in aka tambaye ni ko jami'o'inmu su kwafo 1.5, sai in ce ba zan yi faɗa da shi ba amma ba nan ciwon yake ba. Ka zauna da iyaye a Kano ko Sakkwato ko Gusau ka ji me ke hana su barin yarinyar da ta ci JAMB ta tafi. Na farko ina za ta kwana. Ɗakunan kwanan ɗalibai a yawancin jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar ko rabin masu nema, sauran sai haya a unguwannin gefen makaranta, babu katanga babu mai gadi. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata. Bayan wannan, wane maki za ka ƙara wa uba? Jami'ar da ta yanke cewa duk yarinya 'yar aji ɗaya tana da gado a cikin makaranta, ta sa wannan a kasafinta kafin sabon ofishin shugaba da sabuwar ƙofar shiga mai ado, ta yi wa karatun mata aikin da ya fi kowace takardar manufa.

Na biyu lokaci. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Namiji zai zauna ya yi ta jira yana ɗan buga-bugarsa. Mace kuwa da aka yi yarjejeniya da ita da mai nemanta cewa shekara huɗu ne a yi haƙuri, in ta koma shida maganar aure ta taso, kuma ba laifi ba ne ta taso. Ni ban ga dalilin da zai sa aure ya zama ƙarshen digiri ba, dubban mata suna haɗawa, amma tsarin jami'ar an gina shi ne kamar kowane ɗalibi saurayi ne ɗan shekara sha tara da ba shi da kowa. Ina da 'yar uwa da ta haihu kwana huɗu kafin jarrabawar zango na biyu, a wata jami'a da ba sai na faɗi sunanta ba, aka ce mata babu wani tanadi, ko ta zo ta zauna ko ta ɗauki kwasa-kwasan duka a shekara mai zuwa, takardar neman ɗage karatun da ta rubuta ta yi wata biyar tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ta gama dai, da shekara ɗaya a sama, wasu ƙawayenta da suka shiga irin wannan ba su dawo ba. Abubuwan da za su gyara wannan ba sa cin kuɗi sosai: ƙa'ida rubutacciya ta ɗage zango saboda haihuwa wadda ba sai an roƙi kowa ba, jarrabawar cike gurbi, ɗakin raino kusa da azuzuwa, sauƙin komawa wata jami'ar da makin da aka riga aka tara in miji ya koma wani gari. Hukumar NYSC ta daɗe da yarda matar aure ta yi hidimar ƙasa a jihar da mijinta yake, to me ya hana sanet ɗin jami'a irin wannan tunanin? A yanzu mata da yawa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN suke komawa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana taimakawa ƙwarai, amma ba a karanta likitanci daga ɗaki.

Likitancin nan kuwa shi ne inda ko mai tsananin ra'ayi yake sassautowa, don kowa yana so in ya kai matarsa awo ko haihuwa ya tarar da mace. To likita mace ba daga sama take faɗowa ba, daga ajin kemistiri na sakandaren gwamnati take fitowa, kuma in ajin babu malami to sai dai a yi mata irin na Dar es Salaam. Muna ma da ginin a ƙasa: makarantun share fage irin ta ABU da ke Funtuwa, da tsarin IJMB, an kafa su ne da ma don cike giɓin da sakandaren Arewa ta bari. A ware wa 'yan matan makarantun gwamnati na karkara kujeru a ajin kimiyya na waɗannan makarantu, da gado da abinci, wadda ta ci ta wuce kai tsaye, wannan zai kai inda ƙarin maki ba zai taɓa kaiwa ba. Kuɗin rajista kuma da ya yi tsalle a jami'o'in tarayya da yawa a 2023, kowa ya san in gida mai yara shida ya rasa yadda zai biya wa biyu wa ake cewa ta haƙura. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 babu ruwa a kansa, ana fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, amma sai wadda ta riga ta samu gurbi take nema, ita ma kenan ƙofar ciki ce.

Ta fuskar shugabanci ma ba daga sifili muke farawa ba. Grace Alele-Williams ta zama shugabar Jami'ar Benin tun 1985, mace ta farko a ƙasar, Farfesa Gambo Laraba Abdullahi 'yar Bauchi ta riƙe Jami'ar Abuja, Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. A wannan fannin mun ma riga Makerere. Sai dai shugaba wa'adin shekara biyar ne ya tafi, abin da aka rubuta a kundin dokokin jami'a aka sa masa kuɗi shi ke zama.

A Yuganda yanzu muhawarar ta juya. Tunda mata sun haura rabi a wajen yaye ɗalibai, akwai masu cewa 1.5 ya gama aikinsa a cire shi, wasu ma na cewa yaran maza ne yanzu ke zamewa a kula da su. Masu kare shi suna nuna injiniya da kimiyya da gundumomin arewa, suna cewa ku dubi nan tukuna. Ni dai da za a ba ni zaɓi, zan bar ƙarin amma in sauya wadda ake ba: a daina ba 'yar Gayaza mai neman lauya, don ita ta daɗe da wuce buƙatarsa, a ninka shi ga wadda ta fito daga makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a Moroto ko Kitgum tana neman injiniya.